Albashin Naira 70,000 da Ma'aikatan Garejin Manyan Motoci a Sakkwato: Wa Doka Ta Shafa, Me Ya Sa Ba Sa Zama?

Tun daga watan Yulin 2024, lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan dokar da ta ɗaga mafi ƙarancin albashi daga Naira 30,000 zuwa Naira 70,000, ake ta muhawara a wuraren da manyan motoci ke yada zango a Sakkwato da kewayenta a kan ko dokar ta shafi masu aiki a can. Mai zuba mai a famfo da mai gadin dare da yaron da ke wanke tirela sun ji a rediyo cewa albashi ya ƙaru, amma da yawansu ba su ga canji a abin da ake miƙa musu ba. Su kuma masu gidajen mai da masu kula da gareji kukansu daban ne: sun ce ma'aikata ba sa zama, ka ɗauki mutum ka koya masa aiki, bayan wata uku ka neme shi ka rasa. Koke-koken biyu tushensu ɗaya, kuma ba za a gane shi ba sai an duba yadda wurin yake a tsare, da abin da doka ta faɗa, da inda ta yi shiru.

Gareji ba ma'aikata ɗaya ba ce

Abin da ake kira garejin manyan motoci, ko tashar tireloli, fili ne da direbobin tirela da tanka da sauran motocin dakon kaya ke tsayawa domin su huta, su ci abinci, su yi salla, su duba lafiyar mota ko su jira lodi. A ƙasashe irin su Amurka, sau da yawa kamfani ɗaya ne ke da irin wannan wuri, shi ke sayar da mai da abinci, shi ke da ɗakunan wanka, shi ne kuma ke ɗaukar ma'aikatan ya biya su. A nan tsarin ya sha bamban. Filin yana iya zama na ƙaramar hukuma ko na wani mai hali, ko kuma gefen titi ne kawai da motoci suka saba tsayawa har ya zama tasha. Tsara layi da karɓar kuɗin shiga galibi suna hannun ƙungiya. Gidan man da ke kusa na wani ne daban. Mai tuwo da mai shayi kowa da jarinsa da yaransa, haka ma mai faci da bakanike da mai walda da mai gyaran wayoyin mota, kowanne da rumfarsa da 'yan koyonsa. Ga mai gidan wanka da bahaya, ga 'yan dako, ga 'yan kamasho masu haɗa mai kaya da mai mota, sannan ga yaron mota wanda shi direba ne ubangidansa.

Saboda haka, mutum ɗari na iya wuni suna aiki a fili ɗaya alhali iyayen gidansu sun kai talatin, kuma babu ɗaya daga cikin iyayen gidan da ke da ma'aikata goma. Hanyar biyansu ma kashi uku ce. Akwai 'yan albashi, waɗanda ake biya a ƙarshen wata, kamar masu zuba mai da masu gadi. Akwai 'yan jinga, waɗanda ladarsu ke bin yawan aikin da suka yi, wato buhu nawa aka sauke ko mota nawa aka wanke. Akwai kuma waɗanda ba a yanka musu komai ba, sai abin da maigida ya ga dama ya ba su na sallama bayan an tashi, kuma a nan ne yawancin 'yan koyo da yaran masu abinci suke. Wannan rabe-raben shi ne mabuɗin duk abin da zai biyo baya.

Abin da ke kawo motocin, da abin da ke tsayar da su

Motocin da ke cika waɗannan wurare kaya huɗu ko biyar ne ke juya su. Akwai simintin da ke fitowa daga masana'antar Kalambaina a ƙaramar hukumar Wamakko, akwai albasa da dabbobi da ake kaiwa Kudu, akwai man fetur da kayan masarufi da ke shigowa, sannan akwai kayan da ke bi ta Illela zuwa Birnin Ƙonni a Jamhuriyar Nijar. Tafiya daga Sakkwato zuwa Legas ta Tambuwal da Jega da Yawuri da Kwantagora da Jebba ta kai kusan kilomita 1,000, don haka direba ba shi da zaɓi sai ya yada zango. Matsalar tsaro a hanyar Gusau zuwa Funtuwa da kuma gabashin jihar ta sa direbobi da dama ba sa son dare ya riske su a daji, abin da ke tara motoci wuri ɗaya daga la'asar zuwa asuba.

Sai dai aikin ba ya zuwa daidai wa daida. Lokacin da albasa ta fito, ko Babbar Salla ta ƙarato ana lodin raguna, hannu ba ya isa, idan kuma lokacin ya wuce sai a wuni ana zaune. Bayan wannan sauyi na shekara-shekara akwai wanda siyasa ke kawowa ba tare da sanarwa ba. An rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019, ba a buɗe ta Illela ba sai a Disamban 2020. An sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na ranar 26 ga Yulin 2023, har zuwa Maris ɗin 2024. Duk lokacin da hakan ta faru, mai mota yana da kadara da zai jingina da ita, amma ɗan jinga da babu buhun da zai sauke ba shi da abin kai wa gida a ranar. Wanda ya taɓa shiga wannan hali sau ɗaya, da wuya ya sake ɗora rayuwarsa gaba ɗaya a kan gareji.

Abin da doka ta ce, da inda ta tsaya

Dokar mafi ƙarancin albashi doka ce ta tarayya, kuma ta shafi ma'aikatu masu zaman kansu kamar yadda ta shafi na gwamnati. Amma tun dokar 2019, wadda ta 2024 ta yi wa gyara, an cire wasu rukunoni daga cikinta. An cire duk ma'aikatar da mutanenta ba su kai 25 ba, an cire masu aikin wucin gadi na 'yan awanni, an cire waɗanda ake biya da kamasho ko jinga, an kuma cire masu aikin da ke bin yanayi kamar noma. Gyaran 2024 ya sauya adadin kuɗin, ya kuma rage wa'adin sake duba shi daga shekara 5 zuwa shekara 3, amma bai taɓa waɗannan keɓe-keɓen ba. Idan aka ɗora su a kan gareji kamar yadda aka bayyana shi a sama, za a ga cewa mafi yawan masu aiki a can suna waje da dokar. Wanda ke da hujja mai ƙarfi shi ne ma'aikacin babban kamfanin mai ko na sufuri mai rassa da yawa, domin a nan ana iya cewa kamfanin ne ya ɗauke shi, ba reshen da yake tsaye a ciki kaɗai ba, kuma ma'aikatan kamfanin sun haura 25.

Kuskuren da ake yawan yi shi ne a ɗauka cewa wanda dokar albashi ba ta shafa ba, babu wata doka da ta shafe shi. Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ba ta gindaya sharaɗin yawan ma'aikata ba, kuma ta amince da yarjejeniyar baki kamar yadda ta amince da rubutacciya. Ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba ma'aikaci takardar da ta bayyana irin aikinsa da ladarsa da lokutansa kafin ya wuce wata uku da farawa. Ta ce wanda ke aikin awa shida ko fiye a rana yana da hakkin hutun da jimillarsa ba ta gaza awa ɗaya ba, kuma a kowane kwana bakwai yana da hutun yini guda cur na awa 24. Bayan shekara ɗaya yana da hutun aƙalla kwana 6 na aiki tare da biya, idan kuma ya yi rashin lafiyar da likita ya tabbatar, ana biyansa har kwana 12 a shekara. Ko sallamar ma'aikaci ma tana da wa'adin sanarwa: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya ga wanda bai kai shekara biyu ba, mako biyu ga mai shekara biyu zuwa biyar, wata ɗaya ga wanda ya kai shekara biyar ko fiye.

Akwai kuma dokar biyan diyya ga ma'aikata ta 2010, wadda ta ɗora wa mai ɗaukar aiki zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a asusun hukumar inshorar ma'aikata ta ƙasa, NSITF, domin a kula da wanda ya ji rauni ko a biya iyalan wanda ya rasu a bakin aiki. Wannan dokar ta ambaci 'yan koyo da masu aikin wucin gadi a cikin waɗanda take karewa. Ita kuwa dokar fansho ta 2014 tana wajaba ne a kan ma'aikata mai mutum 15 ko fiye, don haka ita ma ta tsallake yawancin rumfunan gareji, ko da yake tun 2019 akwai tsarin ƙaramin fansho da mai sana'ar hannu zai iya shiga da kansa.

Abin da ya sa waɗannan tanade-tanade ba sa isa gareji yana da alaƙa da rabon iko. Kundin tsarin mulki ya ba ƙananan hukumomi kula da tashoshin mota da kasuwanni, amma ya bar harkar ƙwadago a hannun gwamnatin tarayya kaɗai. Mai karɓar haraji daga ƙaramar hukuma yana zuwa tasha kullum, amma ba huruminsa ba ne ya tambayi awa nawa mai gadi ya yi. Jami'in ƙwadago da ke da wannan hurumi kuwa ba kasafai yake isa irin waɗannan wurare ba. Kai ƙara Kotun Ma'aikata ta Ƙasa yana buƙatar hujja da lokaci da kuɗi, abubuwa uku da ɗan sallama ba shi da su.

Lissafin awanni da batun giɓi

Gareji ba ya rufewa, kuma a nan ne matsalar ƙarancin ma'aikata ta fi fitowa fili. Mako ɗaya awa 168 ne. Idan ana son a riƙe ƙofa ɗaya ko famfo ɗaya dare da rana, kowane ma'aikaci yana yin awa 8 a rana da hutun yini ɗaya a mako, to mutum ɗaya awa 48 zai yi, wato ana buƙatar mutum huɗu a wuri ɗaya. Inda aka sa mutum biyu suna karɓeɓeniya, kowannensu zai yi awa 84 a mako ba tare da ranar hutu ba, kuma ranar da ɗaya ya kwanta ciwo ko aka yi masa rasuwa, ɗayan ne zai haɗa dare da rana. Dokar Ƙwadago ba ta yanka adadin awannin aiki na yau da kullum ba, ta bar shi ga yarjejeniya tsakanin ɓangarorin biyu, kuma mai neman aiki da yunwa a gida ba ya cikin halin yin ciniki. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura maki 40, awa 12 a tsaye tsakanin injina masu zafi da hayaƙin dizal ba ƙaramin abu ba ne ga jikin ɗan Adam.

Batu na biyu shi ne giɓi. A gidajen mai da yawa, idan aka yi lissafi a ƙarshen aiki aka ga kuɗin da ke hannu bai kai abin da mita ta nuna ba, daga albashin mai zuba mai ake cirewa. Giɓin yana iya fitowa daga rashin gaskiyar ma'aikacin, yana kuma iya fitowa daga jabun kuɗi, ko tura kuɗi ta waya da bai shiga ba, ko bashin da wani direba sananne ya ci da izinin manaja. Dokar Ƙwadago ta hana cire wa ma'aikaci kuɗi saboda asara sai idan ganganci ko sakacinsa ne ya jawo ta, kuma sai da amincewar jami'in ƙwadago tun kafin a cire. A aikace, ba a cika bambanta waɗannan dalilai ba. Mai gadi ma haka abin yake gare shi idan aka wayi gari an cire batir ko an zuƙe man wata mota. Wannan tsari yana sauke asarar kasuwanci a kan wanda ya fi kowa ƙarancin abin hannu, kuma yana daga cikin dalilan da ke sa mutum ya ajiye aiki ba tare da sallama ba.

Hatsari kuwa ba sai an faɗa ba. Gobarar tankar mai a Majiya ta Jihar Jigawa a watan Oktoban 2024 ta hallaka fiye da mutum 150, wadda ta biyo baya a mahaɗar Dikko ta Jihar Neja a Janairun 2025 ita ma ta ci rayuka da dama. Ba a gareji suka faru ba, amma sun nuna abin da tanka ɗaya ke iya yi. A wurin da tankoki ke kwana kusa da murhun mai shayi da wutar mai walda, tazara da abin kashe gobara da sanin yadda ake amfani da shi su ne kariya, kuma sabon ma'aikacin da ya zo jiya bai san ko ɗaya ba.

Me ya sa ba sa zama

Ba mutane aka rasa ba, domin duk wanda ya nemi ma'aikaci a Sakkwato zai samu kafin azahar. Abin da ake rasawa shi ne wanda ya iya aikin, aka amince da shi, kuma ya daɗe. Da yawa daga cikin matasan da ke aiki a gareji 'yan cin rani ne, al'adar da ta daɗe a ƙasar Sakkwato, kuma da zarar ruwa ya sauka a watan Yuni sai su koma gona, domin buhunan geron da za su samu sun fi musu albashin da ba ya kai ƙarshen wata. Wasu kuma sun yi lissafi sun ga cewa haya da babur ko Keke Napep, ko zama da na'urar POS a bakin garejin nan, yana kawo kuɗi kullum kuma mutum yana kwana a gidansa. Cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 da hauhawar farashin da ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disamban 2024 sun ƙara karkata lissafin, saboda kuɗin abin hawa zuwa tashar da ke bayan gari da na abinci sau biyu suna cinye kaso mai yawa na ladar yini.

A ɓangaren mai ɗaukar aiki kuma, amana ce ke taƙaita zaɓinsa. Wanda za a damƙa wa cinikin dizal na yini, ko a bar masa motoci maƙare da kaya cikin dare, dole a sami wanda zai tsaya masa, shi ya sa ake komawa ga dangi da 'yan garinsu. Hakan yana rage sata, amma yana kuma sa maganar ƙarin albashi ta zama abin kunya, domin yaro ba ya iya duban kawunsa ya ce masa kuɗin sun yi kaɗan. Sai ya yi shiru har ranar da zai ce zai je gida gaisuwa, daga nan ba a ƙara ganinsa ba. Wuraren da suka rasa manya sukan cike gurbin da ƙananan yara, duk da cewa Dokar Ƙwadago ta hana sa wanda bai kai shekara 18 ba aikin dare, in ban da wasu masana'antu kaɗan da ta keɓe wa waɗanda suka haura 16.

Matsayin kowane ɓangare

Masu gidajen mai da masu rumfuna suna cewa ribarsu ba ta kai yadda ake zato ba. Farashin dizal ya haura Naira 1,000 a kan lita tun a ƙarshen 2023, jarin da ake buƙata don cika tanki ya ninka, kuma ga kuɗin janareta da haraji iri-iri. A ganinsu, idan aka tilasta musu biyan Naira 70,000 ga mutum huɗu a kowane famfo, to rufe aikin dare ko rage ma'aikata ne zai biyo baya. Wannan hujja tana da nauyi ga mai ƙaramin jari. Rauninta shi ne ba ta lissafa abin da ake asara duk lokacin da ƙwararre ya tafi aka kawo sabo, ba ta kuma bayyana dalilin ƙin ba da takardar aiki ko ranar hutu ba, alhali takarda ba ta cin ko kwabo.

Ma'aikata suna cewa Naira 70,000 ɗin ma, idan aka raba ta kwana 30, ba ta kai Naira 2,400 a rana ba, don haka abin da suke nema bai wuce na ci da iyali ba. Sai dai ba su da murya ɗaya. Ƙungiyar NURTW ta direbobi da ma'aikatan sufuri ce, NARTO ta masu motoci ce, direbobin tanka kuma suna da reshensu a ƙarƙashin NUPENG, ƙungiyar ma'aikatan man fetur da iskar gas, kuma dukkansu suna da ƙarfin da gwamnati ke saurare. Yaron mai tuwo da mai wankin mota da mai share bahaya ba sa cikin ko ɗaya.

Akwai kuma ma'aunin da jama'ar Sakkwato suka fi sani fiye da dokar tarayya. A fiƙihun Malikiyya, yarjejeniyar ɗaukar aiki ba ta inganta sai an san ladar, an kuma san aikin ko wa'adinsa tun farko. Tsarin "yi aiki, za a sallame ka" bai cika wannan sharaɗi ba, kuma a nan shari'a da Dokar Ƙwadago abu ɗaya suke nema, wato a fayyace lada kafin a fara aiki.

Abin da zai iya biyo baya

Ga talakan da bai taɓa shiga gareji ba, tasirin yana zuwa ne ta kasuwa da kuma titi. Motar albasa ko ta dabbobi da ta kwana tana jiran mai faci ko 'yan dako tana ƙara asarar da a ƙarshe mai saye ko manomi ne zai biya. Direban da bai sami wurin kwana mai tsaro da ruwan wanka ba, zai hau titi da gajiya ko ya nemi abin da zai hana shi barci. Tun daga ranar 1 ga Maris 2025 hukumar NMDPRA mai kula da harkar dako da sayar da man fetur ta hana yi wa tankoki masu ɗaukar lita 60,000 lodi, abin da ke nufin man da tanka ɗaya ke kawowa a da yanzu yana buƙatar ƙarin sawu, kuma ƙarin sawu ƙarin motoci ne a wuraren yada zango.

Majalisar masu safarar kaya ta jiragen ruwa ta Nijeriya ta daɗe tana tallata shirin gina tashoshin manyan motoci na zamani tare da 'yan kasuwa a wurare irin su Lokoja da Obollo-Afor. Irin wannan tasha, idan kamfani ɗaya ne ke gudanar da ita da ma'aikata fiye da 25, za ta faɗa ƙarƙashin dokar albashi da ta fansho kai tsaye, sai dai idan ta raba ayyukanta ga 'yan kwangila ƙanana, wanda hakan zai dawo da tsohon tsari a cikin sabon gini. Sabuwar babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagry mai tsawon kilomita 1,068, wadda aka ƙaddamar da aikinta a watan Oktoban 2024, ita ma za ta sauya wuraren da direbobi ke tsayawa idan ta kammala. Mai gidan mai yana iya sayen fili a bakin sabon titi, amma mai faci da mai tuwo da suka shekara ashirin a gefen tsohon titi ba tare da takardar rumfa ba, sai sun sake neman izinin zama daga duk wanda ya mallaki sabon filin, su da yaran da ke ƙarƙashinsu.